Batirin Maganin Kaka

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki. Kawu, ka gafarce ni da ƙarfin halin rubuto maka, alhali rabonka da gidanmu shekara biyu ke nan. Ni ce babbar 'yar ƙanwarka, wadda take ɓuya bayan labule idan ka zo. Umma ta ce a masana'antarku ba a riƙe waya a bakin aiki, shi ya sa na ba direban motar ma'aikatanku wannan takarda. Baba bai sani ba.

Maganar a kan Kaka ce, mahaifiyar Baba, wadda muke ɗaki ɗaya da ita. Ka san tana allurar ciwon sukari, kuma kwalaben a ƙaramin firij ɗin da ke bayan ƙofarmu suke zama. Tun da zafi ya shigo ake ɗauke wuta da safe, ba ta dawowa sai bayan la'asar. Ranar Laraba ta wuni ta kwana ba ta dawo ba. Da na taɓa kwalba sai na ji ta da ɗumi kamar daga aljihu aka ciro ta. Mai kantin magani ya ɗaga ta a haske, ya ce a zubar, duka huɗun.

Gwaggo ta zo ta yi faɗa sosai. Ta ce idan magani ya sake lalacewa za ta tafi da Kaka gidanta, can inda ba a ɗauke musu wuta, kuma tafiyar yini guda ce a mota. Kaka ta ce ba inda za ta, amma na ga ta ninke zannuwa biyu ta sa a jaka. Kawu, ni nake yi mata allurar safe tun ina aji ɗaya.

Baba yana son ya karɓo janareta wajen abokinsa mai wanki, ya ajiye a baranda, don a hawa na uku muke kuma ƙasa ba tsaro. Tagar ɗakinmu kuwa cikin barandar take buɗewa. Malamar kimiyya ta taɓa ce mana hayaƙin inji yana da haɗari, amma da na fara faɗa wa Baba sai na fasa. Umma ta ce akwai babban batir da ake yi wa caji. Baba ya ce batir na tocila ne.

Don Allah wanne ya fi? Kai ne mai aikin lantarki, ba wanda na sani da zan tambaya.

Na gode. Allah ya ƙara girma.
'Yarka.

Zuwa ga Mai Labule,

Wa alaikumus salam. Ashe kina da baki, a biro kika ɓoye shi. Lafiya lau nake. Ki gaida uwarki, ki gaida Kaka da jiki.

Na farko, janareta ba zai hau barandar nan ba. Abin da ke kisa a hayaƙinsa ba shi da wari, ba a ganinsa. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi ne kawai, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Janareta jaki ne. Yana da ƙarfi, yana aiki muddin ana ba shi abinci, amma wajen gida ake ɗaure shi, nesa da taga. Mai fili ya saya, ban hana ba. Ku ba ku da fili.

Batir kuma randa ce. Ba hayaƙi, ba ƙara, sai dai abin da aka zuba shi za a ɗiba. Wanda ya yi wanka da ruwan sha, kada ya zagi randa.

Ga aikinki. Ki leƙa bayan kowane abu da kuke sa wa wuta, za ki ga lamba da harafin W a gefenta. Wannan shi ne yawan cinsa. Ki rubuta duka a takarda ki ajiye. Direba zai kawo muku batirina ranar Asabar, aro ne. Cikinsa wat dubu ne, wato W ɗin nan, na awa ɗaya. Firij ɗinku ƙarami ne kuma yana aiki yana hutawa, don haka ya kamata ya kai shi wuni da kwana. Firij kaɗai za a sa masa.

Babanki har yau yana ganin ni na ƙona masa injin keken ɗinki da na gyara wayoyin falonku. Ban ƙona ba, amma ba zan yi shari'a da tela ba, almakashi gare shi. Ki nuna masa takardar nan. Ban iya aikin ɓoye ba.

Kawunki.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Umma da Kaka suna amsawa. Na nuna wa Baba takardarka. Ya karanta sau biyu, ya ce, "Jaki, ko? To." Sai ya ci gaba da yanka yadi. Da batir ya iso bai taɓa shi ba, amma ya matsar da kujerarsa aka wuce da shi. Ya ce ya ba shi mako biyu na gwaji.

Na yi aikin da ka sa ni. Firij 80. Fanka 60. Keken Baba 100. Dutsen guga 1200. Na zaci kuskure na yi, na sake dubawa, haka ne.

Kawu, ba labari mai daɗi zan ba ka ba. Ranar Asabar da Lahadi batir ya yi aiki lafiya. Wuta ta dawo da la'asar yana da fiye da rabi. Kaka har tana yi masa kirari, wai ɗan baƙi mai cika alkawari. Amma ranar Litinin na dawo daga makaranta da ƙarfe biyu na tarar ya mutu, firij ya yi shiru. Talata haka, Laraba haka. Allah ya taimaka wuta tana dawowa kafin sanyin ya gama fita, kuma na cika firij ɗin da gorunan ruwa don su riƙe sanyi.

Baba ya ce, "Ai na faɗa. Kayan kawunki kwana biyu suke yi." Ya je ya ga janareta, har ya auna baranda da tef ɗinsa na ɗinki. Ya ce zai toshe tagarmu da leda, shi ke nan. Gwaggo ta bugo ta ce ranar Asabar ta sama tana tafe, kuma da mota za ta zo.

Ko batirin ne ya tsufa? Ka yi haƙuri da tambayar.

'Yarka.

Mai Labule,

Salam. Batirin wata shida gare shi, ya fi ni ƙuruciya nesa ba kusa ba. Kuma ban taɓa ganin batirin da ya san Asabar da Litinin ba. Abin da ke canjawa ranar Litinin shi ne ke ba kya gida. Wa ke gida? Wa ke shigowa? Randa ba ta shan ruwan cikinta, Malama. Ki nemo mai moɗa.

Leda ba ta tare hayaƙin nan. Ki faɗa wa babanki in ji ni, in ya ga dama ya ƙara a kan laifin keke.

Kawunki.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na samo mai moɗa, kuma da ma ban samo ba.

Ranar Alhamis an tashe mu da wuri saboda taron malamai. Na iso gida sha ɗaya saura. Baba ya tafi kasuwa sayen zare, Umma tana wajen aiki. Ina shiga ɗaki na ga doguwar waya fara ta fito daga jikin batir, ta bi ta kan gadon Kaka, ta fita ta taga, ta shiga tagar maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu. Ina jin ƙamshin guga daga can. A kan tabarmar Kaka kuma ga wayoyin hannu guda biyar a jere suna caji, kamar 'yan makaranta.

Na ce, "Kaka, mene ne wannan?"

Ta ce, "Takwara, rufa min asiri. Yaran nan sai da rana suke shiga makaranta, za su tafi da riga kamar an tauna? Ga wuta a ɗakina tana zaune ba aikin fari ba na baƙi."

Na ce ta magani ce. Ta ce, "To ai ban cire na maganin ba, ga shi nan a soke. Fitilar batirin ma koriya ce." Ita a ganinta muddin fitila tana kore, abin kamar famfo ne. Ta ce shekararta saba'in da huɗu ba ta taɓa ce wa maƙwabci babu ba alhali akwai, ba kuma akwatin ƙarfe ne zai koya mata rowa ba.

Na yi lissafi a bayan littafina. Guga na minti arba'in ya kusa shanye randar duka. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon takardar ko da yake ba ta karatu, sannan ta ce kada in faɗa wa Baba. Wai zai je ya yi wa Maman 'Yan Biyu magana, matar da take hawo mata da ruwa hawa uku idan famfo ya ƙafe. Ta ce gara ta bi Gwaggo da a ci fuskar maƙwabciya saboda ita.

Kawu, idan na yi shiru za a ce batir ne ya gaza, a kawo janareta ko a tafi da ita. Idan na faɗa na tona wa Kaka asiri. Ko kai za ka rubuto wa Baba? Zai fi jin maganar babba.

'Yarka.

Mai Labule,

Salam. Ba zan rubuta ba. Ban ga waya ba, ke kika gani. Kuma in daga bakina ta fito, babanki zai ce ina kare kayana ne.

Ba sai kin kira sunan kowa ba. Ki bar batirin ya yi magana, yana da lamba a goshi. Amma ki gaya wa Kaka tun da wuri abin da za ki yi, kada ta ji shi a gaban mutane.

Ki kuma ba ta wannan saƙo. Wayoyin hannu biyar cinsu bai kai cikin cokali ba, ta ci gaba da sadakarta. Dutsen guga ne ɗan fashin. Duk abin da ke yin zafi, ya jira wutar gari.

Ki ɗaga murya. Labulen ya gaji.

Kawunki.

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya.

Gwaggo ta kwana a hanya, ta iso ranar Asabar da hantsi, an riga an ɗauke wuta. Na gaya wa Kaka tun da safe. Da aka zauna a falo na jawo batir, na ce ina da magana. Na nuna musu lambar goshinsa, casa'in da shida bisa ɗari. Na sa dutsen gugar Baba, muka zuba ido. Kafin Gwaggo ta gama shan ruwa ya sauka zuwa tamanin da takwas.

Baba ya ce, "To wa yake guga da shi? Ni dai ban taɓa shi ba."

Na sunkuyar da kai. Sai Kaka ta ce, "Ni ce. Ni na miƙa wa Maman 'Yan Biyu waya ta taga. Kuma wanda ya je ya yi wa yarinyar nan magana, ban yafe ba." Gwaggo ta buɗe baki, Kaka ta ce, "Ke kuma rufe, tun kina goyo maƙwabta suke miki wanki."

Ita da kanta ta leƙa taga ta yi wa Maman 'Yan Biyu bayani. Matar ta hawo tana ta ba da haƙuri, ta ce wallahi ta ɗauka abin ba ya ƙarewa. Yanzu da yamma take gugarta idan wuta ta dawo. Wayoyi kuwa sun zama bakwai.

Yau kwana tara batir bai sauka ƙasa da rabi ba. Gwaggo ta koma ita kaɗai, ta ce za ta riƙa bugowa tana tambayar lamba. Kaka ta mayar da zannuwanta cikin akwati. Baba ya ce wa mai wanki ya riƙe janaretansa, kuma ya ce za mu nemi namu batirin kafin ka buƙaci naka.

Ƙunshin da direba zai ba ka riga ce. Baba ne ya ɗinka, daga awonka na da. Bai ce in faɗi komai ba, sai dai ya ce in tambaye ka ko batir irin wannan zai ja keke, kuma wai idan ka ƙara ƙiba ka kawo rigar da kanka a buɗa.

Kawu, maganar da ta sa na rubuto ta ƙare. Amma akwai abubuwa a littafin kimiyyarmu da ban gane ba, kuma ban iya ɗaga hannu a aji ba tukuna. Idan ba zan dame ka ba, za ka ba ni izini in sake rubutowa?

Na gode. Allah ya saka da alheri.
'Yarka, Mai Labule.