Na Riga Wan Mijina Shuka

Litinin, 14 ga Maris, 1994

Ruwa ya sauka tun hantsi, na gaske, har ramin bayan rumbu ya cika. Duk gidan nan an fito ana shaƙar ƙamshin ƙasa, amma ba wanda ya taɓa fartanya. Muna jiran Ogutu. Shi ne wan mijina, babba a gidan tun da tsohonsu ya rasu. Sai ya kwana a ɗakin matarsa, da safe su zuba irin farko, sannan mu na ƙasa mu shuka bi da bi. Ogutu kuwa yana can Mombasa yana dakon buhuna a tashar jiragen ruwa. Bara mako uku muka jira shi. Kwando huɗu na girba, tun Disamba muke cin masarar agaji, rawayar nan mai warin buhu.

Alhamis, 17 ga Maris

Kwana huɗu ke nan ana ruwa. Na ce wa mijina Owiti mu shuka. Ya zaro ido kamar na ce ya yanka mutum. Ya kira ni da sunan garinmu, yadda kowa ke yi a nan.

"'Yar Gem, ki rufa mini asiri. So kike ki jawo mana chira cikin gida?"

Na ce, "To yunwar bara fa, wa ya jawo ta? Ai ba mu tsallake kowa ba."

Ya ɗauki komarsa ya nufi bakin tafki. Mijina ke nan, in magana ta yi zafi sai kifi ya kira shi.

Chira dai, chira dai. Wai duk wanda ya riga na gaba da shi, ciwo zai tsotse shi ko ya tsotse ɗansa har ya koma kara. Tun ina yarinya nake jin ta, ban taɓa ganinta ba. Yunwa kuwa na gan ta a wuyan Apondi, 'yata mai shekara shida da ta koma kamar mai huɗu.

Asabar, 19 ga Maris

Faccalata Akumu, matar Ogutu, ta dawo daga gidan waya da wasiƙa. Ni na karanta mata. Wai ba a ba shi hutu ba sai bikin Ista, a yi haƙuri, yana gaishe da kowa. Ista sauran mako biyu! Akumu ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce, "Yana gaishe mu. To mu dafa gaisuwar." Ta nuna mini irinta cikin ƙwarya, an cakuɗa da toka, ƙwari sun fara yi masa huji. 'Ya'yanta biyar. Na ce ta zo mu shuka tare. Ta rufe ƙwaryar ta ce kada in ƙara yi mata wannan zance a ɗakinta.

Lahadi, 20 ga Maris

A coci an yi ta godiya saboda ruwa. Ruwan kuwa yana ta wucewa tafki a banza.

Talata, 22 ga Maris

Na shuka.

Da rana tsaka na yi, ban ɓuya ba, ni ba sata na fita ba. Masara da wake, gonar gangare duka. Na kai layi na tara sai ga surukata Dani tana dogara sanda, gefen zaninta a hannu, bakinta ya riga ƙafarta isowa.

"Ke 'yar Gem! A gidan ubanki haka ake yi? Ƙafa take riga kai fita daga ɗaki?"

Na ce, "Dani, kan yana Mombasa. Cikin ne a nan."

"Za ki kashe mini jikoki!"

"Su nake shuka wa."

Ta tofar da yawu a bakin gonar ta juya. Owiti bai ci tuwona ba yau, ɗakin uwarsa ya ci. Ya ƙoshi lafiya, ni da Apondi mun sami ƙari.

Juma'a, 25 ga Maris

A rafi ba wadda ta ɗora mini tulu. Mata bakwai a tsaye, kowa ta sami abin kallo a sama. Na durƙusa na ɗora abina, rabin ruwan ya zube mini a baya. Akumu ta hana 'ya'yanta wasa da Apondi. Yarinya ta tambaye ni me ta yi musu. Na ce ba ke ba ce, ni ce, kuma ban yi nadama ba. Su riƙe hannayensu, wuyana bai karye ba.

Talata, 29 ga Maris

Ta tsiro! Layi-layi, kore shar. Na tsaya a bakin gona na yi waƙa da ƙarfi don masu wucewa su ji.

Talata, 5 ga Afrilu

Ista ta zo ta wuce, Ogutu bai zo ba.

Apondi ta tashi da jiki zafi zau. Ta ƙi kunu.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Jiya Owiti ya ɗauke mu a keke zuwa ƙaramin asibiti. Zazzaɓin sauro ne, in ji ma'aikaciyar, ta yi mata allura ta ba mu ƙwayoyi. Na maimaita wa duk wanda ya leƙo: sauro ne, sauro! Suna gyaɗa kai suna kallon haƙarƙarin yarinyar.

Yau kawun su Owiti, tsoho Rabuor, ya zo har ƙofata. Ya ce magani ɗaya ne, in tuge masarar nan duka da hannuna, jibi a gaban dattawa, in ba haka ba abin da ya sami yarinyar yana wuyana. Na ce, "Baba, in na tuge, gidanka zan kawo ta cin tuwo har baɗi?" Ya ce bakina ya fi fartanyata kaifi. Na ce ba zan tuge ba.

Bayan ya tafi na shiga na zauna kusa da ita. Numfashinta sama-sama. Idan fa gaskiya ne? Idan ta mutu, ni na kashe ta? Na rubuta, ba zan goge ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Da la'asar Dani ta shigo ba sallama, da jiƙon saiwoyin da ake ba wanda chira ta kama. Na so in ture ƙoƙon. Ban ture ba. Ta ɗaga Apondi don ta ba ta, sai na ga ta tsaya, tana jinjina ta a hannu. Ta ce, "Yarinyar nan ba ta da nauyi ko kaɗan." Na ce ai tun Disamba haka take, duk jikokinki haka suke, je ki ɗaga na Akumu. Ta ba ta jiƙon ta fita.

Asabar, 9 ga Afrilu

Raina a ɓace yake, bari in rubuta ko na huce.

An taru a gindin mangwaro, dattawa biyar a kan kujeru, mu mata a ƙasa. Rabuor ya ce in tashi mu tafi gona. Na ce ina nan zaune. Owiti yana ta kallon yatsun ƙafarsa. Sai Dani ta buga sanda a ƙasa.

"Wace masara za a tuge? Wa aka tsallake? Ni na fara shuka a gidan nan. Ranar ruwan farko na zuba ƙwaya uku a bayan ɗakina."

Rabuor ya ce ai tsohuwar da mijinta ya rasu ba ta buɗe shuka. Ta juyo kansa.

"Kai Rabuor, da aka kawo ni gidan nan ko wando ba ka da shi. Tsakanin ni da Ogutu wa ya haifi wani? In babba ake jira, ga babba a zaune, ba ta je Mombasa ba."

Aka yi dariya, har da dattawa biyu. Shi ke nan magana ta mutu. Wai ba a keta komai ba, kowa ya je ya shuka.

Ƙarya ce! Bayan ɗakinta ba komai sai kabewar bara. Matar da ta tofa mini yawu a gona! Ni na shuka, ni aka ƙi ɗora wa tulu, ni na ce a'a a idon Rabuor, yanzu an mayar da ni yarinya mai biyayya da ta bi bayan surukarta. Na buɗe baki zan faɗa, Akumu ta take mini ƙafa da diddige har na ga wuta. Ta raɗa mini, "Don Allah, 'yar Gem. 'Ya'yana."

Na rufe bakina. Yatsana har yanzu a kumbure yake.

Litinin, 11 ga Afrilu

Apondi ta nemi tuwo da ƙananan kifi, ta cinye ta lashe kwano. Dani ta ce jiƙonta ne. Na ce allura ce. Yarinya ta ce a ƙara mata.

Gonaki cike da mata yau, har na gidajen maƙwabta biyu da su ma manyansu ke birni. Sun makara da kusan wata, amma sun shuka. Rabin irin Akumu ƙwari sun cinye, na auna mata wake daga nawa. Ba don komai ba, ragowa ne.

Asabar, 30 ga Yuli

Kwando goma sha tara. Akumu ta sami takwas. Ogutu ya zo a watan jiya, ya yi faɗan kwana ɗaya, ya ci gasasshiyar masarata guda uku, ya koma.

A rafi yanzu ana rububin ɗora mini tulu. Amma ka ji abin da suke cewa: "dabarar Dani." Wai har ƙauyen ƙetaren rafi sun ce su ma tsofaffinsu mata za su riƙa buɗe shuka, ba za su ƙara jiran 'yan birni ba. Dabarar Dani! Ba mai ambaton 'yar Gem. Wata rana sai na tsaya a tsakiyar coci na faɗi wanda ya fara. Dani kuwa in mun haɗu sai ta ce gishirina ya yi yawa a miya. Ba ta taɓa ta da zancen ba, ni ma haka.

Talata, 13 ga Satumba

Ruwan shuka ta biyu ya sauka jiya da yamma.

Na tashi da wuri, iri a ƙwarya, fartanya a kafaɗa. Ba wanda zai hana ni, ba wanda ma ya gwada. Sai na hango Dani ta fito, ƙafafunta sun kumbura sosai bana, taku uku ta huta, taku uku ta huta, Apondi tana riƙe mata ƙoƙon iri. Daga ƙofarta zuwa bayan ɗakinta sai da rana ta ɗaga. Ta huda ƙasa da sanda, ta zuba ƙwaya uku, na gaske wannan karon, ta rufe da ƙafa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To, sarkin gaggawa, me kika tsaya yi?"

Na ce ƙotar fartanyata ce ta yi sako-sako, ita nake gyarawa.

Ba jiranta na yi ba. Ƙotar ce.