Waƙar da Na Rantse Tamu Ce

Zuwa ga Ettore, sanyin idona, iskar tekun da ke shigowa ajinmu da hantsi,

Sau huɗu ina yaga wannan takarda. Ka san ni, ko Malama ce ta kira sunana sai kunnuwana su ɗau zafi. Ka yi haƙuri da rubutu, a nan kaɗai muryata ba ta rawa.

Ka tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a tashar bas ta Sampierdarena, ka miƙo mini kunne ɗaya na abin sauraronka? Waƙar na tashi na ji ƙamshin ɗakin girkinmu na Guayaquil, garin da aka haife ni, na ga Mama tana soya ayaba tana bin ta da Sifaniyanci. Na ce, "Ai waƙarmu ce, ku kuka ara!" Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Yadira, da ita kakana ya nemi kakata, tun ba a haifi mamarki ba." Na cire abin na mayar maka, na faɗa bas ɗin da ba nawa ba. Yau kwana goma sha ɗaya ban gaishe ka ba, kuma kowace rana ta yi mini tsawon damina.

Kai ne da gaskiya. Na tambayi Kawu Wilmer, mai sa kiɗa a bukukuwanmu, ya ce, "Ke 'yar nan, kina zaune a Italiya ba ki san kayan masu gida ba? Tasu ce. Mu dai mun juya ta zuwa harshenmu har sau uku, kowace da irin kukanta." Na ji kunya, amma daga baya wani daɗi ya lulluɓe ni. Ashe tun ina shekara biyar, can ƙetaren teku, abin gidanku nake rerawa ban sani ba! Wace tsuntsuwa ce ke koyon kukan dajin da ba ta taɓa gani ba, in ba can za ta sauka ba?

Ga abin da ya sa na yi ƙarfin hali. Wata mai zuwa zan cika shekara sha biyar, za a yi mini bikin da ake yi wa kowace yarinya a wurinmu. Rawar farko da Baba ce. Ta biyu da wanda na zaɓa. Ranar Asabar za a fara koyon rawar, kuma Mama ta gama magana: "Ko ki buɗe bakin nan ki faɗi suna, ko ki yi da ɗan gwaggonki Jefferson, ya tattake miki ƙafa."

Sunanka nake so in faɗa, Ettore. Shi kaɗai gare ni.

Ba zan ɓoye maka ba, za ka sha tsokana. Gwaggonnina za su ce ka rame, su cika maka faranti da shinkafa sau biyu. Ni ma ban iya rawar ba. Amma na riga na ce wa Kawu ya sa ta kakanka, ta Italiyanci; dangina za su bi da namu harshen ko an so ko ba a so, mu biyu muna tsakiya.

Ba sai ka ce komai a makaranta ba, don in ka yi magana guduwa zan yi. Asabar, ƙarfe huɗu, zauren cocin da ke bayan kasuwa. Zan tsaya a bakin ƙofa. In ba ka zo ba, zan yi rawar da Jefferson, amma zuciyar nan ba zan karɓe ta daga hannunka ba.

Taka yau, taka bayan an kwashe kujerun biki,
Yadira