Rasuwar Dattijo Iorwuese Tertsea, Wanda Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Cikin alhini da nauyin zuciya, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Injin Casar Shinkafa ta Hanyar Doma, Lafia, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugabanta, Alhaji Mahir Zakiyyu, ta sami labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayenta, Dattijo Iorwuese Tertsea, dattijon ikilisiya a majami'arsu da ke Azuba, wanda ya cika da safiyar Alhamis a asibiti sakamakon raunin da ya samu a ka.

Duk wanda ya taɓa kai shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, injin Baba Iorwuese ya san shinkafarsa ce za a mayar masa, ba a musanya ba, ba a gauraya da tsakuwa ba. Ba ya tayar da inji da safe sai ya yi addu'a, ba ya buɗewa ranar Lahadi komai yawan ciniki, kuma shi ne yake zama gadin rumfunanmu duk Juma'a idan mun tafi masallaci, ba tare da wani ya roƙe shi ba. Shekarar da injin maƙwabcinsa ya ƙone ana tsakiyar kaka, shi ya raba masa ranakun aiki a nasa injin, da aka yi masa magana kuwa ya ce abin da ake karanta musu a majami'a ke nan, bai ga dalilin barinsa a can ba.

Ya zama wajibi mu faɗi yadda abin ya faru, domin jita-jitar da ake yaɗawa a wayoyi ta fara tayar da hankalin gari. Ranar Litinin birki ya ƙwace wa wata motar shanshera da ta taso daga Doma, ta buge wani ɗan acaɓa a gaban injin marigayin. Nan take jama'a suka yi wa direban, Malam Mu'awiya, ca, har an kawo taya da fetur. Baba Iorwuese ya ja shi cikin sitonsa, ya kulle, ya ba da motarsa a kai wanda aka buge asibiti, sannan ya tsaya a bakin ƙofar yana cewa ba za a kashe mutum a gabansa ba. A nan wani dutse da aka jefo daga cikin taron ya same shi a ka. Bai bar ƙofar ba sai da jami'an tsaro suka iso.

Mu da muke wurin muna shaida cewa taron nan ya haɗa kowane yare da kowane addini, kuma har yanzu ba a san hannun da ya yi jifar ba. Saboda haka masu cewa wani ɓangare ne ya kashe shi, da masu kiran matasa su fito bayan jana'iza, ba da yawunmu suke magana ba, ba kuma da yawun iyalansa ba. Ɗan acaɓan yana samun sauƙi, bincike yana hannun hukuma.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Mama Vera Tertsea, da babban ɗansa, Injiniya Terver, da ɗaukacin ikilisiyarsu da al'ummar Tibi mazauna Lafia. Allah ya ba shi hutawa, ya ba su ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi.

Za a rufe dukkan injinanmu ranar Asabar, ranar jana'iza. Mama Vera ta aiko mana da roƙo guda, cewa Malam Mu'awiya ya kasance cikin masu ɗaukar akwatin mijinta. Wasu sun ba mu shawarar a ɓoye shi har ƙura ta lafa. Mun tambaye shi, ya yi kuka, ya ce zai zo. Mu ma za mu zo, muna gefensa.

Sa hannu:
Alhaji Babandi Kalilu
Sakataren Yaɗa Labarai, a madadin Shugaba da dukkan mambobi