Ƙarar Takarda a Cikin Kaset

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinki na Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Mamman, wanda kika sallama zuwa Alƙahira domin ya dawo shehi.

Ban taɓa gaya miki sana'ata ba. Har kika rasu kina ce wa maƙwabta ina karatu. Karatun ya tsaya tun da na faɗi jarrabawa sau biyu, kunya ta hana ni dawowa. Inna, aski nake yi wa harsashi.

Idan an harba bindiga, kwanson tagulla yakan faɗo fanko. Manyan unguwar Zamalek masu harbin allo ranar hutu ba sa yar da shi. Sukan kawo wa maigidana, Usta Ramzi, a shagonsa na Mohandessin ya sake cika musu. Sai dai kowane harbi yana ƙara wa kwanson tsawo kamar kaurin gashi, in kuwa ba a rage masa baki ba, yana iya jawo wa mai bindigar masifa a fuska. Rage bakin nan shi ne aikina. Na ƙetare Sahara, na sha nahawu da balaga, na ƙare wanzamin tagulla.

Da farko da hannu ake yi. In ɗaura kwanso, in murɗa mariƙi sau shida ko bakwai, in cire, in ɗauki wani. Shagon shiru. A kan wannan murɗi nake bitar haddata, izu biyu kafin azahar. Usta Ramzi Kirista ne, amma kunnensa ya saba, har in na yi tuntuɓe sai ya ɗago daga teburinsa ya ce, "Ya shehi, ka tsallake wani abu." Shekara shida a haka. Na rasa jami'a, amma izu sittin ɗina suna nan a ƙirji.

Sai wani daga cikin masu harbin ya kawo masa inji mai lantarki daga waje. Kafin in ja numfashi ya gama kwanso guda. Ƙararsa siririya ce, mai shiga haƙori. Kuma ba ya son a raba masa hankali: ka tafi tunani, ka yanke fiye da kima, kwanso ya lalace. Usta ya ce, "Yalla ya shehi, inji ba ya jiran aya." Na ce zan riƙa bita a ɗaki. A ɗakin kuma kunnena na ta kuka shi kaɗai. Haka hadda ta yi ta zuba, babu wanda ya gani, ni ma na ƙi dubawa.

Kin tuna kaset ɗin da kika aiko ta hannun wani ɗan kasuwa? Kin ce idanunki sun tafi, in ɗauko miki karatu da ka, irin wanda na yi ranar saukata, ki riƙa ji da hantsi.

Na zauna a ɗakina na Darrasa, na danna rikoda. Aya uku, na tsaya. Na goge, na sake. Sau biyar. Daga nan na buɗe littafin, na ɗora shi a kan bargo, ina karantawa ina juya shafi a hankali kamar ɓarawo.

Bayan wata huɗu amsarki ta zo a kaset. Kowa na gidan ya gaishe ni, har an gaya mini akuya ta haihu. Can ƙarshe kika matso da bakinki, kika rage murya don kada na ɗakin su ji, kika ce, "Mamman, karatu ya yi daɗi. Takardar ma na ji ta. Allah ya yi maka albarka."

Da muciya kika ɗauko mini da ya fi sauƙi.

Na yi rantsuwa zan maido da haddar in aiko miki wani kaset. Ina izu na huɗu aka aiko cewa an kai ki. Tun daga ranar ban ƙara ko shafi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Likita ya duba ni, ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama yana bin sa. Ya dafa kafaɗata ya ce ma'alish, wato haƙuri, maganin da Masar ke ba kowace cuta. Ina ƙure muryar rikoda har maƙwabta su buga bango. Gaisuwar mutanen gida tana ɗan fitowa, labarin akuya ma ina kama shi. Amma wurin da kika rage murya, shi na fara rasawa. Ina kallon zaren kaset yana juyawa, na san kina magana, ba na jin komai. Ba kuma zan iya kiran wani ya saurara mini ba, domin abin da kika rufa mini ne zai ji.

Gobe da safe zan koma shago. Ban iya wani abu ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya jiyar da ke karatun da ya fi nawa. Ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa mini. Ki yafe ni, Inna.

Ɗanki,
Mamman
Darrasa, Alƙahira