Kujerar da Na Ƙi a Kan Iyaka

Ya ke Shirinmo, sanyin idona, furen tuffa na farkon bazara, ruwan da ke gangarowa daga dutsen bayan gidanku, inuwar bishiyar tut mai 'ya'yan zaƙi da rana tsaka; ke da sunanki kaɗai yake ɗumama mini ƙirji a inda wuta ma take rawar ɗari. Gaisuwa gare ki daga Nazarsho, wanda hanya ta tauna ta kasa haɗiyewa.

Ki yi haƙuri da rubutun, yatsuna ne suka ƙage. Ina gidan wani mai gyaran hanya, can ƙololuwar tsauni, tsakanin ƙofofin iyaka biyu. Kirgizawa sun buga mini hatimin fita, namu ba su buga na shiga ba, don haka a takarda ba na ko'ina. Waya ba ta kamawa. Sama ta haɗe rai tun safe, masu gidan kuma sun ce in ƙanƙarar nan ta sauko, hanya ta rufu ke nan sai yadda Allah ya yi. Ke kuwa ranar Juma'a za ki shiga motar kawunki zuwa Dushanbe, daga can ki wuce Mosko wurin yayanki, ki kama aikin asibitin da ya samo miki. Gwaggona Davlatmo ce ta faɗa mini. A ranar na ajiye kayan gini a Novosibirsk, na goya jakata na kama hanyar ƙasa, domin kujerun jirgi sun cika har bayan tafiyarki.

Me zan ce miki game da hanyar nan, hasken gidana? Bas ɗin da ya ratsa da mu ƙasar Kazak, gwiwata a haƙarƙarin wani, buhun wata a wuyana, ba ka miƙe ƙafa sai ka nemi izinin mutum uku. A kowace iyaka a sauke mu, a jera mu cikin iska, a zazzage jaka har safa. Wani jami'i ya dubi hoton fasfona, ya dube ni, ya ce, “Wannan mai kumatun kai ne?” Na ce, “Ni ne, ranka ya daɗe, kafin siminti ya cinye ni.” Bai yi dariya ba. Wani kuma ya warware mayafin da na saya miki, ya ɗaga shi sama da hannun da ya gama cin kifi, ni kuwa na tsaya ina murmushin dole. A Osh, garin Kirgizawa, direba ya dafa kafaɗata ya rantse, “Yanzun nan za mu tashi, ɗan'uwa, saura mutum ɗaya.” Mutum ɗayan nan muka jira tun hantsi har rana ta yi sanyi. Da muka iso ƙofar Kirgizawa kuma sai ya tuna takardun motarsa ba su kai ya tsallaka ba. Ya sauke mini jaka ya ce, “Ga hanya nan miƙe, ai kusa ne.” Kusan nan na taka har igiyar jaka ta yanka mini kafaɗa, kaina yana sarawa, iskar ba ta cika ƙirji. Matar mai gyaran hanya, Iya Burul, ita ta tsince ni a zaune kan dutse ina amai.

Duk wannan ban kira shi wahala ba, tunda kowane taku yana rage nisan da ke tsakanina da ke. Abin da ya karya ni jiya ya faru.

Motocin da ke wucewa nan kaɗan ne, kuma a cike suke zuwa. Jiya da hantsi sai ga wata babbar farar mota, wani Bature da matarsa masu yawon ganin duniya, sun tsaya shan shayi. Yana ɗan jin Rashanci. Ya ji inda na nufa, ya buɗe ƙofar baya, ya nuna mini kujera ɗauke da bargunansu, ya ce su ma Khorog za su, in zo mu tafi. Khorog, Shirinmo! Har bakin kogin da kike tsallakawa ki je aiki. Sai na dafa ƙirji na sunkuyar da kai na ce, “A'a, na gode, kada in takura muku.” Wallahi ina faɗa, ɗaya hannuna yana kan igiyar jaka. Ai kin san yadda muke: a yi maka tayi ka ƙi, a sake ka ƙi, a kama hannun rigarka, sannan ka bi kamar an tilasta ka. Ina jiran ya sake. Ya yi murmushi, ya ce to, ya mayar da ƙofa, matar ta ɗaga mini hannu, motar ta tashi. Na bi su da gudu ina kira, ban yi nisa ba numfashi ya ƙwace mini, na durƙusa a tsakiyar hanya.

Iya Burul tana bakin ƙofa da buta a hannu. Ta ce, “Kai ɗan nan, Allah ya kawo maka mota har ƙofar gida, ka tsaya kana yi wa Bature kara? Shi a'a ɗaya ya sani.” Mijinta, Baba Tokton, ya ce, “Ƙyale shi, tsohuwa. Ɗan mutunci ne, mutuncin zai goya shi har gida.” Suka zuba mini shayin madara mai gishiri. Na karɓa tun tayin farko, ban ma bari ta gama miƙowa ba.

Tun daga lokacin ba abin da nake juyawa a raina sai a'a biyun da kika aiko mini. Gwaggo ta naɗe gurasa da alewa ta je gidanku nema mini aurenki, mahaifinki ya ce a tambayi mai abin, kika ce, “Ku ce ya ci gaba da aikinsa.” Ta koma, kika ce, “Ku ce hanya ta yi nisa.” Gwaggo ta ce mini a waya, “Kwantar da hankalinka. Wace 'yar mutunci ce take amsawa tun zuwan farko? Uwarka ma sai da aka koma.” Jiya na ji daɗin maganar nan, don na ɗanɗana da bakina yadda harshe yake cewa a'a alhali zuciya ta riga ta shige mota. Na ce haka Shirinmo ta yi, tana jira a kama hannun rigarta.

Amma sai na tuna ranar da na hau rufin gidanku gyaran tagar sama, kina can kina shanya 'ya'yan tut. Rana tana kan gashinki, yatsunki duk sun rine. Kika cika tafi kika miƙo mini. Na ce na ƙoshi, alhali tun safe ban sa komai a baki ba. Kika watsa su a bakinki, kika dube ni ido cikin ido kika ce, “Ni sau ɗaya nake tayi, Nazarsho. In ina so in ce ina so, in ba na so in ce ba na so.” Ranar na fara son ki, saboda wannan maganar. Yau kuma ita ce take hana ni haɗiye abinci. Ina jin tsoro, zinariyata. Idan a'arki ta gaske ce fa? Idan duk ƙasashen nan na ratsa ne zuwa ga amsar da aka riga aka ba ni?

Kin san bayan zuwa na uku ba a komawa. Shi ya sa na hana Gwaggo motsi, na ce ta jira ni, ina so in tsaya a bayan katangarku in ga fuskarki ranar da za ki amsa. Ga shi ba na jin zan iso kafin Juma'a. Yanzu haka wata ƙaramar mota ta 'yan kasuwar Murghab tana waje, an danƙare ta da mutane da buhunan gari. Wannan karon ban yi kara ba, na roƙa har na kama hannun direban, Jumabek sunansa. Ya ce, “Ɗan'uwa, ko ƙwai ba zai samu wurin zama ba.” Na ce in hau saman kaya. Ya ce, “A wannan sanyin? Ni ba na dakon gawa.” Takarda dai ya yarda ya ɗauka, zai ba wani direban Khorog, shi kuma ya kai wa Gwaggo. Na rubuta mata a bayan ambulan cewa ta naɗe gurasa, ta sa wannan a ciki, ta tafi gidanku.

To ga ni, Shirinmo, ba a tsaye a ƙofarku ba yadda na so, sai a tsugune kusa da murhun wasu. Ki aure ni. Ba ni da gida sai wanda zan gina, amma ginin na iya, kuma zan yi masa taga mai kallon dutsenku. In Mosko kike so, mu tafi tare, in sake goya jakar nan in ratsa iyakokin nan ba tare da na ce uffan ba. In kina so na, kada ki shiga motar kawunki. Ki jira ni ko da ƙanƙara ta riƙe ni har bazara, zan sauko ko da rarrafe. In kuwa ba kya so, ki faɗa yadda kika saba faɗa, zan yarda, ba zan tare miki hanya ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki yi mini kara. Na ga abin da take jawowa.

Jumabek yana danna ƙaho, ƙanƙara ta fara sauka ƙanana-ƙanana. Ko me kika ce, zuciyar nan ba za ta koyi sunan wata ba muddin ina numfashi. Na yi tambayar, kuma ba ni da ta huɗu.

Naki har ranar da za a rufe mini ido,
Nazarsho