Taki Goma Sha Biyu

Daga Rabo na Galma zuwa ga ɗana Alƙasim a Kumashi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, ya tsare ka daga ciwon kurmi. Malam Habu ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma ce masa kada ya tausasa ko kalma ɗaya. Uwarka Gogo tana nan, sai gwiwa. Gero ya yi, dawa ce dai munka yi hasara, kuma zancen dawar ne ya sa na aiko.

Kada ka ɗauka na huce. Damina biyar ke nan da ka saɓa jaka ka fita ba sallama, don kawai na hana ka sare gawon gonar kakanka. Gawon yana nan, ni ma ina nan. Ba don kaina nake magana ba, don ɗiyarka Sa'a ce.

Bana na ɗora ta bisa gadon tsaro tsakiyar gona, na ba ta majajjawa. Na dawo na iske tsuntsaye jan-baki sun rufe gefen gabas baƙi ƙirin, ita tana zaune tana kallon wurin. Na zane ta da kara. Ba ta yi gardama ba, sai da kuka ya lafa ta ce ita kukansu take ji, amma can nesa gona da sama duk abu ɗaya ne, kamar an zuba ruwa bisa rubutun allo. Na ce ƙarya ce, gidanmu ba a taɓa haihuwar mai gajeren gani ba. Ni ne fa shekara talatin nake fara ganin watan azumi a garin nan.

Daga nan na sa mata ido. In tana saƙar tabarma, kabar har tana taɓa mata hanci, idon hagu ya riƙa lallaɓowa wajen karan hanci kamar zai gaida ɗan'uwansa. Yara har sun fara ce mata harara-garke. In ta ɗaga kai, sai ta yi ta ƙifce-ƙifce, ta ce a dakata duniya ta zauna tukuna. Amma zare a kafar allura, kafin Gogo ta rufe baki ta zura. Ba dundumi ba ne, ba hakiya ba, idon fari tas. Mun sa kwalli, mun wanke da rubutu, shiru.

Sai na riƙa aunawa da ƙafata ba tare da na gaya wa kowa ba. Ina fitowa masallaci in tsaya, in ga daga ina za ta gane ni. Ran da na fara, tun daga rijiya, taki arba'in. Da kaka, sai na kai rumbu. Jiya taki goma sha biyu. Malam Habu ya ce ya ga wani akawu a Madawa da madubi biyu bisa hanci, wai irin wannan ciwon ne, kuma wai can inda kake ana samu, amma sai an kai mai idon. Ni ban yarda da kayan Nasara ba, ka sani. Amma ban yarda da abin da ƙafata ke ƙirgawa ba ma.

Abin da ya karya ni, ranar kasuwa ta hango wani dogon baƙo da jaka, ta sheƙa da gudu tana kiran Baba, sai da ta kama rigarsa ta ga ba kai ba ne. Mutumin ya ji kunya, ita ta juyo gida. Ni na shiga bayan rumbu na daɗe.

Ruwa ya ɗauke, an ce hanya ta buɗe. Ka zo ka ɗauke ta ka kai ta. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ni ma ba zan ba ka ba. Gogo tana gaishe ka, da ƙanwarka Yelwa, da matarka Indo. Ka gaida mutanen Adar na zango. In ka iso, kada ka tsaya bakin rijiya kana ɗaga hannu yadda ka saba. Ka matso, ka kira sunanta. Ka yi sauri tun da sauran taki tsakaninku.

Ni ne ubanka, Rabo.