Zoben Hadiza a Kan Ma'auni

Zuwa ga ɗana Habu a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ya baƙunta, ya cinikin goro? Mu a Azare sai godiyar Allah.

Bayan haka, Allah ya sauki matarka Hadiza, an sami namiji, an sa masa sunana. Wallahi da na ɗauke shi na yi murna ƙwarai. Amma Habu, sai haƙuri. Jini bai tsaya mata ba, ta rasu kwana uku da haihuwa. Kafin ta cika ta zare zobenta na azurfa ta ce a aika maka.

Na rubuta maka yadda aka yi duka, falle huɗu, da ɗan rubutuna na ajin yamma, na haɗa da zoben a ambulan ɗaya. Malamin gidan waya ya rataya ambulan a ƙaramin ma'auninsa na aljihu, allurar ta wuce layi. Ya ce, "Baba, kan sarki ɗaya ya rage mini, kuma yau motar wasiƙu za ta tashi. Ko takardun, ko zoben." Na cire takardun, na zauna a dakalinsa na rubuta wannan.

Ka hanzarto gida. Ƙanwarka ce ke shayar da yaron, amma ba ya kama nono sosai, kullum ramewa yake. Ka roƙi malaman Zango su sa shi a addu'a, Hadiza kuma Allah ya jiƙanta. Ka gaishe da maigidanka. Innarka tana gaishe ka, kuka ya hana ta ba da saƙo.

Mahaifinka,
Malam Sule